Ku Daina Soka Wa Matanmu Allura Ba Tare Da Bayani Ba

Jama'ar Agege, Mile 12, Idi-Araba da duk inda Bahaushe ke zaune a Legas.

Wasu za su ce wannan magana ta ɗaki ce, bai kamata a kawo ta dandali ba. Na ji. Amma shirun da muke yi a kanta ne ya sa ake cin kuɗin matanmu, ake ɗura musu abin da ba su sani ba, wasu har aurensu ke girgiza. Ina maganar matar da ta yi allurar tazarar haihuwa, wata ɗaya ya wuce, biyu suka wuce, ba ta ga al'adarta ba, barci ya ƙaurace mata: ciki ne, ko jinin ne ya taru a mara?

Laifin farko na mai allurar ne. Mace ta je asibiti ko kemis, ba ta jin Yarabanci, Turancinta bai wuce na cefane ba. A soka mata allura, a rubuta kwanan wata a kati, a ce ta dawo bayan wata 3. Shi ke nan. Babu wanda ya zaunar da ita minti biyar ya ce mata al'adarta za ta canza. Alhali wannan ne abu na farko da ya kamata ta ji kafin ta miƙa hannu. Masu kemis ɗinmu na unguwa kuwa, waɗanda suke jin Hausa sarai, ba su da uzuri ko kaɗan. Ka iya karɓar kuɗi, ka iya soka allura, amma bakinka ya yi nauyi wajen bayani?

To ga bayanin da aka hana su. Allurar wata 3, wato Depo-Provera ko Sayana Press, da ta wata 2 da ake kira Noristerat, suna ɗauke da sinadari mai kama da wanda jikin mace ke fitarwa lokacin da take da juna biyu. Yana hana ƙwai fita. Kowane wata mahaifa takan yi shimfiɗa don tarbar ciki, idan bai zo ba sai ta zubar da shimfiɗar, wannan shi ne jinin al'ada. Allurar tana sa shimfiɗar ta zama siririya ƙwarai. Abin da ba a shimfiɗa ba, me za a kwashe? A watannin farko wata za ta riƙa ganin ɗigo-ɗigo ba tsari, wata jinin ya ja kwanaki. Bayan shekara guda a kan allurar wata 3, kusan rabin mata ba sa ganin jini sam.

Don haka zancen wai jini yana taruwa ya dunƙule, ya zama ƙari ko ya ruɓar da mahaifa, ƙarya ce tsagwaronta. Mai shayarwa takan yi wata takwas, wata goma, wata ma shekara ba ta ga al'ada ba. Wa ya taɓa cewa jini ya taru mata? Kakanninmu sun san wannan, ba su taɓa kai mai jego wankin mara a kansa ba.

Amma ƙaryar tana da masu cin abinci da ita. Da mace ta buɗe baki a gidan biki ko a rukunin WhatsApp, kafin ta rufe an turo mata lambar mai haɗin "wankin mara", ko an ce ta je a ba ta ƙwayar jawo al'ada. Kwalba ba suna, ba a san abin da aka zuba ba, ba a san adadinsa ba. Ku duba lissafin da kyau. Idan ba ta da ciki, ta sha wahala da asarar kuɗi a kan cutar da babu ita. Idan kuma da cikin, ta sha abin da zai iya jawo mata ɓari da zubar jini a tsakar dare, a garin da kai mara lafiya asibiti cikin cunkoson motoci wani yaƙi ne na daban. Ku ji tsoron Allah, masu wannan sana'a.

Sai maza. Da yawanmu a nan 'yan tafiya ne: direban tirela, mai fataucin shanu, mai komawa gida noma da damina. Mutum ya dawo bayan wata 3 ko 4, ya ji matarsa ta yi ɓatan wata, sai ya hau ƙirgen yatsu, fuska ta canza. Shi ne fa ya amince a yi allurar, wani ma shi ya biya! Malam, zargin matar aure ba ƙaramin abu ba ne a addini. Kafin ka ɗaga murya ko ka kira iyayenta a waya, tsinken gwajin ciki yana nan a kowane kemis, bai kai kuɗin katin wayar da kake sawa ba.

Ba cewa nake allura ba ta taɓa kuskurewa ba. Cikin mata 100 da ke yin ta a kan lokaci, waɗanda ke samun ciki a shekara ba su kai ko 1 ba. Idan aka haɗa da masu makara da masu mantuwa, adadin yakan kai kusan 4. Ciki yakan shiga ne idan dama akwai shi kafin allurar ba a bincika ba, ko an yi allurar farko bayan kwana 7 da fara al'ada aka kuma sadu a makon farko ba kariya, ko an wuce ranar komawa da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allurar wata 3 za a iya yin ta ko an makara har mako 4, ta wata 2 kuma har mako 2. Wadda ta wuce haka, ko take jin tashin zuciya da nauyin nono, ta yi gwajin fitsari da safe. In ya nuna babu kuma tana shakka, ta maimaita bayan mako 2. In ya nuna akwai, ta bar allura ta gaba ta fara zuwa awo, ba a san allurar da cutar da jaririn da ke ciki ba. Ciwon mara mai tsanani, ko jini mai yawa da ya wuce kwana 8, ko jiri, wannan asibiti ake zuwa a ranar, kada a tsaya tambayar maƙwabciya.

Akwai wani abu kuma da ake ɓoyewa, wanda ya kamata a faɗa wa mace da mijinta tun farko: bayan an daina allurar wata 3, ciki ba ya saurin shiga. Yawanci yakan ɗauki kusan wata 10 daga allurar ƙarshe, wata ta haura shekara. Jinkiri ne, haihuwar tana dawowa. Amma mai son ta sake ɗaukar ciki nan da wata shida tana da haƙƙin ta san wannan ta zaɓi wata hanyar.

Ga shugabannin ƙungiya: muna da kwamitin biki, muna da na jana'iza. A samo mata biyu ko uku masu jin Yarabanci da Turanci da za su riƙa raka 'yan'uwa cibiyar lafiya ranar tsarin iyali, su fassara, su yi tambaya a madadinsu. A kuma gayyato nas ko ungozoma mai jin Hausa ta zo Islamiyyar matan aure ko da sau ɗaya a wata, a bar mata su tambaye ta ba namiji a wurin. Ina roƙon a sa wannan a ajandar taron wata mai zuwa.