"Hali Zanen Dutse": Hujja Ce Ko Uzurin Malalata?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa Musulmi, yaro zai kangare, sai ka ji ubansa ya ce hali zanen dutse ne, gado ya yi, ya naɗe hannu. Wannan magana ɓata ce, kuma Turawa sun ga inda take kaiwa. A 1869 Francis Galton na Ingila ya yi da'awar cewa hazaƙa gadonta ake yi. Aƙidar da ta tsiro daga nan ita ta haifi dokar gwamnatin Hitila ta 1933, wadda da ita aka hana kimanin mutum 400,000 haihuwa ƙarfi da yaji, wai jininsu gurɓatacce ne.

Musulunci bai musanta ɗabi'ar halitta ba. Annabi (SAW) ya shaida wa Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙaisi cewa Allah ne Ya halicce shi da haƙuri da natsuwa. Amma hadisin Abu Huraira cikin Buhari da Muslim ya tabbatar da cewa a kan fiɗira ake haihuwar kowane jariri, iyaye ne ke karkatar da shi.

Da jini ke yanke hukunci, da ɗan Annabi Nuhu bai halaka a ɗufana ba, da Annabi Ibrahimu bai fito daga gidan Azara mai bautar gumaka ba. To, ina hujjarku?

Ku ji tsoron Allah, ku tanƙwara icce tun yana ɗanye. Ranar Alƙiyama kiwon da aka ba ku za a tambaye ku, ba asalin kakanni ba.

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.