Kwandalolin Azurfa Na Tunawa Da Tarihi: A Auna Kafin A Biya

A shekarar 2026 ne Amurka ke cika shekara 250 da ayyana 'yancin kanta, kuma irin wannan cikar shekaru ba ta wucewa sai gidajen buga kuɗi, na hukuma da na 'yan kasuwa, sun fito da kwandalolin tunawa da ita. Haka ake yi a Ingila idan mai sarauta ya cika wasu shekaru a kan gado. Haka Masar ta buga fam na azurfa domin cikar Azhar shekara dubu, ta sake bugawa domin shekara ta 1400 bayan Hijira. A da, tara irin waɗannan kwandaloli sha'awa ce ta wasu tsirarun mutane a ƙasashen da ake buga su. Yanzu intanet ta kawo tallarsu har cikin wayoyinmu, ga 'yan'uwa mazauna ƙetare da za a iya aika su sayowa, ga kuma darajar naira da ta zube tun 2023, har magidanta da yawa suna neman inda za su adana guminsu. Sai talla ta zo musu da kalmomi biyu masu daɗin ji, wato tarihi da jari.

Ba mu ga aibu ga wanda ya tara su don sha'awa ko don ilimi ba. Mallakar azurfa halal ce, kuma kwandala guda tana iya koya wa ɗalibi abin da shafi goma ba su koya masa ba. Wanda ya taɓa ganin dirhamin da Halifa Abdulmalik ɗan Marwana ya fara bugawa a shekara ta 79 bayan Hijira, babu hoton kowa a jikinsa sai rubutu zalla, ya san abin da muke nufi. Damuwarmu ita ce mai saye yana kallon zane da shekarar da aka rubuta, alhali kasuwa a ranar da zai sayar, da Shari'a tun ranar da ya saya, dukansu sikeli suke kallo.

Kowace kwandala irin wannan farashi uku gare ta. Akwai adadin da aka rubuta a jikinta, wanda galibi ba ya kai komai. Akwai kuɗin azurfar da ke cikinta. Sannan akwai ɗoriyar da mai sayarwa yake ƙarawa saboda zane da akwati da takardar shaida da alkawarin cewa kaɗan aka buga. Wannan ɗoriyar ita ce ke fara narkewa. Kwandalar tunawa ta farko da Amurka ta buga, rabin dala ce ta 1892, domin cikar shekara 400 da tafiyar Kolumbus. Santi 50 aka rubuta mata, aka sayar da ita dala ɗaya. An buga kusan miliyan biyar, ba su ƙare ba, aka narkar da wajen rabinsu, ragowar da yawa aka sake su cikin kasuwa a kan santi 50. Wanda ya biya dala ɗaya sai ga shi ana miƙo masa irinta a matsayin canji. A 1936 kuma aka yi ta fito da sababbi kusan kowane wata, garuruwa da ƙungiyoyi kowa na neman tasa, har kasuwar ta cika ta batse, farashi ya faɗi. Daga 1954 Amurka ba ta sake buga irinsu ba sai 1982.

Wani lokaci ma babu azurfar. A 1977 Ingila ta buga babbar kwandala ta peni 25 domin cikar Sarauniya Elizabeth ta Biyu shekara 25 a kan mulki, bikin da Turawa ke laƙaba wa sunan azurfa. Sama da miliyan 37 da aka buga wa jama'a gaurayen jan ƙarfe ne da nikel. 'Yan kaɗan ne na musamman aka yi da azurfa. Har yau akwai gidajen da ke ɓoye da ita suna zaton dukiya ce. Kusa da mu kuma, a kasuwannin Turai ana sayar da kwandalolin azurfa masu ɗauke da sunan Nijar ko Chadi ko Kamaru da adadin kuɗin CFA, waɗanda aka ƙera domin masu tarawa a can. Ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram bai taɓa karɓar irinsu a ciniki ba. Sunan ƙasa a jikin ƙarfe ba ya nufin akwai wanda zai saya daga hannunka.

Ita kanta azurfar ba ta da tabbas. A watan Janairun 1980 oza ɗaya, wato giram 31.1, ta kusa dala 50, kafin ƙarshen Maris ta faɗo wajen dala 11. Ta sake kusantar dala 50 a Afrilun 2011, zuwa ƙarshen 2015 ta koma wajen dala 14. Wanda ya saya da kuɗin makarantar yara a ganiyar tashin, shekaru ya yi yana jira.

Wannan duka lissafin kasuwa ne, kowa da nasa hankalin. Abin da ya fi nauyi shi ne hukunci. Hadisin Ubadatu ɗan Samit (RA) da Imam Muslim ya ruwaito ya lissafa abubuwa shida, zinariya da azurfa a kan gaba, ya gindaya musu ƙa'ida: idan za a musanya jinsi da jinsinsa, sai nauyi ya zo daidai kuma a yi hannu da hannu; idan jinsi ya bambanta, a sayar yadda aka daidaita, amma sharaɗin hannu da hannu yana nan. Buga hoton wani gini ko shekarar wani yaƙi a kan azurfa bai fitar da ita daga wannan ƙa'ida ba.

A nan ne masu tarawa suka fi zamewa, domin musaya ita ce rabin sha'awarsu. A ce wani yana da kwandala mai oza ɗaya wadda ba a samun irinta, abokinsa ya ce zai ba shi guda uku na gama-gari, kowace oza ɗaya. A idon kasuwa babu wanda ya cuci wani. A Shari'a kuwa oza ɗaya ce aka bayar aka karɓi uku, wannan shi ne ribal fadli, riba ta haram, ba ribar ciniki ba. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa labarin maƙerin da ya bi Abdullahi ɗan Umar (RA) yana neman izinin sayar da abin da ya ƙera da fiye da nauyinsa, don ya fitar da ladan aikin hannunsa, shi kuwa ya yi ta hana shi. Gaskiya ne Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim sun sassauta a kan kayan ado da aka ƙera don sawa, amma shi kansa Ibnul Ƙayyim ya raba wannan da bugaggen kuɗi, bai ba bugun wata ƙima a musaya ba. Mafitar kuwa mai sauƙi ce, kuma ita ce wadda Manzon Allah (SAW) ya nuna wa wakilinsa na Khaibara da ya musanya dabino mai yawa maras kyau da mai kyau kaɗan: a sayar da na hannu a karɓi kuɗi, sannan a sayi wanda ake so da kuɗin, ciniki biyu kowane da zaman kansa.

Idan da naira ko dala za a saya, ɗoriyar ba matsala ba ce ta fuskar hukunci. Jinsi ya bambanta, saboda haka wanda ya ga dama ya biya ninki biyu na kuɗin azurfar saboda zane, aljihunsa ne zai ji. Amma ba a yafe hannu da hannu ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta tabbatar da cewa kuɗin takarda yana ɗaukar hukuncin zinariya da azurfa a babin riba da zakka. Ke nan sayen azurfa da naira canji ne, dole kowa ya karɓi nasa kafin a rabu. To ga yadda ake sayar da mafi yawan kwandalolin tunawa: a biya yau tun ba a buga su ba, a aiko bayan makonni, ko a karɓa yanzu a riƙa biya kaɗan-kaɗan. Duka biyun jinkiri ne a inda aka hana jinkiri. Malaman zamani sun tattauna batun saye ta intanet, kuma hukumar AAOIFI da ke Bahrain, a ƙa'idar da ta fitar kan cinikin zinariya a 2016, ta amince da karɓa ta hukunci, wato a ware wa mai saye abinsa takamaimai da sunansa a lokacin cinikin. Abin da ba a riga an buga ba kuwa babu yadda za a ware shi. Hanya mafi kuɓuta ita ce a wakilta amintacce a garin da ake sayarwa, ya biya ya karɓa a zama ɗaya, sannan ya aiko.

Sai zakka, wadda talla ba ta taɓa ambata. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, wanda mafi yawan malaman zamani suka ƙiyasta da giram 595. Kwandala 19 masu oza ɗaya ta tsantsar azurfa giram 591 ne, da kyar suka gaza. Ta 20 tana shigowa an haura nisabi, idan shekarar Musulunci ta zagayo sai a fitar da kashi 2.5 cikin 100, wato rabin kwandala ko ƙimarta. Akwati ɗaya da zai shiga aljihun babbar riga ya isa. A mazhabar Malikiyya kuma ana haɗa azurfa da zinariya a cika nisabi, kamar yadda ɗaliban Risala suka sani, haka nan da kuɗin da mutum yake da shi a hannu ko a banki, saboda haka ko kwandala biyar sun shiga lissafi. Kada kuma wani ya fake da cewa ɗan kasuwa mai jiran tashin farashi ba ya zakkar hajarsa sai ya sayar. Wannan hukuncin haja ne kamar tufafi ko fili. Azurfa zakka a jikinta take, kowace shekara, an sayar ko ba a sayar ba. Mai talla yana cewa a ajiye shekara ashirin. Wanda yake da mai yawa, yana fitar da zakkarta daga cikinta, kusan kashi 40 cikin 100 zai fitar a wannan tsawon lokaci, domin azurfa ba tunkiya ba ce balle ta haihu. Wanda kuma ya ƙi fitarwa ya faɗa cikin gargaɗin Suratut Tauba a kan masu taskace zinariya da azurfa, kamar yadda Ibnu Umar ya fassara taska da dukiyar da ba a ba da zakkarta ba.

Batun hoton mutane a jikinsu ba za mu tsawaita ba. Sahabbai sun yi ciniki da dirhamin Farisa mai hoton Kisra, don haka ajiye ta a matsayin dukiya da sauƙi. Jera ta a bango don ado shi ne abin da ya kamata a tambayi malami. Mai ɗauke da ayar Alƙur'ani kuma tana buƙatar a kiyaye alfarmarta.

Kakanninmu sun san kuɗin azurfa. Kwandalar nan ta Ostiriya mai hoton Sarauniya Maria Theresa ta yi yawo a kasuwannin Kano da Kukawa a ƙarni na 19, kuma abin da ya sa fatake suka yarda da ita shi ne nauyinta na giram 28 da tsarkinta na 833 cikin 1000 ba sa canzawa. Babu wanda ya damu da matar da ke jiki, da yawa ma a wurin maƙeran fari suka ƙare, aka mayar da su mundaye da zobba. Shekarar 1780 ce a jikin kusan kowace, domin har yau da wannan shekarar ake buga ta a Vienna. Duk wanda aka nuna wa ita aka ce ta haura shekara ɗari biyu saboda lambar, ya nemi wata hujjar.

Wanda ya ƙuduri saye, ya fara tambayar nauyi da tsarki, ko 999 ne, ko 925, ko 900, ko 720 kamar yawancin na Masar, ya lissafa kuɗin azurfar a farashin ranar, ya ga nawa ne ɗoriyar. Ya ɗauki ɗoriyar a matsayin kuɗin sha'awa wanda mai yiwuwa ba zai dawo ba. Ya auna a sikelin maƙeri, ya gwada faɗi da kauri, domin mayen ƙarfe ba ya kama azurfa amma ba ya kama jan ƙarfen da aka shafe da ita ma. Kada ya goge ta don ta yi ƙyalli, masu tarawa suna rage wa gogaggiya kuɗi. Sannan ya rubuta a takarda guda nawa ne, nauyin kowace, nawa ya saya, da watan da zakkarsu ke faɗowa, ya sanar da iyalinsa inda takardar take. Idan babu wannan, ranar rabon gado magada wurin maƙeri za su nufa, shi kuwa zai zare kwandalar daga akwatinta ya ɗora a sikeli.