Kwamfuta Sabuwa, Mabuɗi na Aro

A ɗauka wata makarantar sakandare ta tara kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai ta sayo kwamfuta 20, domin ɗalibanta su saba da na'urar kafin jarrabawar shiga jami'a, wadda hukumar JAMB ta mayar kan kwamfuta kacokan tun 2015. Ɗan kwangila ya kawo su cikin kwalayensu, an kunna, kowace ta tashi lafiya lau, an sa hannu an biya shi. Zangon karatu na farko ya wuce ba wani motsi. Ana tsakiyar na biyu sai wani ɗan rubutu mai dusu-dusu ya bayyana a kusurwar dama ta ƙasan allo yana cewa "Activate Windows", yau a wannan na'ura, gobe a waccan, har ya game ɗakin. Malamin kwamfuta zai ce cuta ce ta shiga, shugaban makaranta zai ce yara ne suka taɓa abin da bai kamata ba, daga ƙarshe a kira mai gyara ya zo da 'yar filashinsa ya kawar da rubutun cikin minti biyar, a sallame shi.

A mafi yawan lokuta babu abin da ya lalace a jikin na'urar. Rubutun nan yana ba da shaida ne a kan cinikin da aka yi watanni da suka wuce, watau an sayi ƙarfe an biya, amma ba a tambayi matsayin babbar manhajar da ke tafiyar da shi ba. Don haka wurin da ya fi dacewa a warware wannan matsala shi ne gaban kantar mai sayarwa, kafin kuɗi su bar hannu, kuma ɗalibin aji huɗu ma zai iya yin binciken idan an nuna masa hanya.

Kafin a kai nan sai an san abin da ake nufi da tantancewa. Wanda ya sayi Windows izinin amfani da ita ya saya, kuma shaidar wannan izini ita ce mabuɗi mai harufa da lambobi 25, waɗanda aka raba gida biyar, kowane gida guda biyar. A da, shigar da mabuɗin kaɗai ya isa, shi ya sa faifai ɗaya kan zaga gari guda. Da kamfanin Microsoft ya fito da Windows XP a watan Oktoba na 2001 sai ya ƙara sharaɗi: manhajar za ta duba siffofi 10 na sassan na'urar, kamar irin ƙwaƙwalwar sarrafawa da ma'adanar bayanai da katin sadarwa, ta haɗa su ta fitar da wata lamba da ta keɓanta ga wannan na'ura, sannan a aika wa kamfanin lambar tare da mabuɗin, ta intanet ko ta wayar tarho. An ba mai saye kwana 30 ya yi haka, in ya saɓa a hana shi shiga.

Ɗalibin ilmin halittu ba zai ga baƙon abu a nan ba. Jikin ɗan Adam ma yana gane nasa ta wasu alamomi da ke bayan ƙwayoyin halittarsa, kuma yana yaƙar duk naman da alamominsa suka saɓa. Wannan ne ya sa dashen ƙoda na farko da ya ɗore, wanda Joseph Murray ya yi a birnin Boston a 1954, tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi. Haka Windows take gane jikin da aka ɗaura mata aure da shi. Ƙara mata wurin ajiya ko sauya ma'adanar bayanai ba ya tayar mata da hankali, amma idan aka sauya babban farantin da dukkan sassa ke zaune a kansa, wanda masu gyara ke kira bod, sai ta ɗauka an kai ta wani jiki dabam, ta nemi a sake tantance ta.

Daga Windows 8, a 2012, manyan kamfanonin ƙera kwamfuta sun daina manna takardar mabuɗi a gindin na'ura, suka koma dasa shi a cikin ƙwaƙwalwar bod ɗin tun daga masana'anta. Da Windows 10 ta zo a 2015 kuma sai aka ƙara abin da ake kira lasisin dijital, inda uwar garken Microsoft ke riƙe da lambar na'urar, ta yadda ko an goge komai an sake ɗorawa, da zarar an hau intanet za ta gane ta. Ma'anar wannan ga mai saye tana da girma. Kwamfutar da ta fito daga masana'anta da Windows ta halal ba ta bukatar a buga mata ko harafi ɗaya. In ta nemi mabuɗi, akwai dalili, kuma dalilan ba su da yawa.

Mafi sauƙinsu shi ne rashin intanet ko kuskuren agogo. Sabuwar na'ura ba za ta tantance kanta ba sai ta yi magana da uwar garke, kuma idan kwanan wata da ke cikinta ya kauce da nisa, sadarwar ba ta ƙulluwa. Lambar kuskure 0x80072F8F abin da take nufi ke nan. A gyara kwanan wata, a haɗa da intanet, a jira. A Windows 11 ana shiga Settings, sannan System, sannan Activation, a nan za a ga matsayin lasisin da maɓallin Troubleshoot wanda kan warware ƙananan matsaloli da kansa.

Dalili na biyu ya fi yawa a kasuwannin ƙasar nan, kuma abin takaici ne domin mai saye ya riga ya mallaki lasisi na gaskiya bai sani ba. Windows iri-iri ce, akwai Home ta amfanin gida, akwai Pro ta ofisoshi. Yawancin ƙananan kwamfutocin cinya mabuɗin Home aka dasa musu. Sai mai shago, don ya burge mai saye ko don faifan da ke hannunsa ke nan, ya goge Home ya ɗora Pro. Tun 1894 masanin sinadarai na Jamus Emil Fischer ya kwatanta aikin enzayim da mabuɗi da kwaɗo: amiles da ke cikin yawu yana narkar da sitaci, amma ko za a kwana ana tauna nama ba zai taɓa furotin ba. Mabuɗin Home haka yake da Pro. Maganin a nan ba ya cin ko kwabo, illa a kwashe bayanai a ajiye, a sauko da Windows daga shafin Microsoft, a sake ɗorawa. Manhajar ɗorawar za ta karanta mabuɗin da ke cikin bod ta zaɓi irin da ya dace da kanta. Mutane da yawa sun biya kuɗi an fasa musu Pro alhali Home ta halal tana kwance a cikin na'urarsu, kuma ɗalibi ko malamin sakandare da wuya ya bukaci wani abu da Pro ke yi wanda Home ba ta yi.

Dalili na uku shi ne wanda ya faɗa wa makarantar da aka buga misali da ita. Akwai kwamfutoci sababbi fil da ake shigowa da su ba tare da Windows ba, sai wata 'yar manhaja mai suna FreeDOS, domin farashi ya sauko. Wannan ba laifi ba ne, a jikin kwali ma akan rubuta. Laifin yana farawa ne sa'ad da aka ɗora musu Windows aka tantance ta da dabarar da ba a yi ta don ɗaiɗaikun mutane ba. Microsoft ya tanadar wa manyan ma'aikatu wani tsari mai suna KMS, inda ma'aikata ke ajiye uwar garkenta ta cikin gida tana tantance na'urorinta, bisa sharaɗin su kai aƙalla 25. Wannan tantancewa ta kwana 180 ce kacal, kuma na'urar kan koma ta sabunta duk bayan kwana 7 muddin tana cikin ma'aikatar. Masu fasa manhaja sun ƙirƙiro uwar garke ta bogi da ke kwaikwayon wannan. Ranar da na'urar ta kasa samun ta bogin, ko manhajar tsaro ta gano ta ta cire, sai kwanakin su fara ƙirguwa, kuma kwana 180 wata shida ne, daidai lokacin da ɗan kwangila ya ci kuɗinsa ya manta da maganar. Lambar 0xC004F074 a kan kwamfutar gida ko ta ƙaramar makaranta, wadda ba ta da wata uwar garke tata, kusan ko da yaushe wannan labari take bayarwa.

Gano haka ba ya ɗaukar minti biyu. A danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta slmgr /xpr a ɗan akwatin da ya buɗe. In lasisin na dindindin ne za a faɗa, in kuwa na wa'adi ne za a nuna ranar ƙarewarsa. A sake rubuta slmgr /dli, za a ga hanyar da lasisin ya fito. Kalmar OEM tana nufin na masana'anta ne, yana tare da wannan na'ura har mutuwarta, ba a ɗauke shi zuwa wata. RETAIL yawanci na saye ne a kanti, wanda ake iya mayarwa kan wata na'ura in an cire shi daga ta farko. VOLUME kuwa na ma'aikatu ne, kuma ganinsa a kan kwamfutar da aka sayar wa mutum ɗaya ya isa a mayar da kuɗi aljihu. Gaskiya ne wannan gwaji ba ya kama kowace irin damfara, domin akwai dabarun fasawa da kan nuna lasisin dindindin. Shi ya sa ya wajaba a haɗa da rasit da aka rubuta irin Windows ɗin da asalin lasisinta ƙarara. Mai shagon da ya ƙi rubuta wannan ya riga ya ba da amsa.

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne aibu idan mai gyara ya kawar da rubutun da filashinsa, tun da na'ura ta ci gaba da aiki? Hujjar ba ta wofi ba ce. Farashin Windows 11 Home a shafin Microsoft dala 139 ne, na Pro kusan dala 200, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Nijeriya a 2024 Naira 70,000 ne a wata. Watau lasisin Home kaɗai ya haura albashin wata biyu. Kamfanin ma yana da nasa kason na laifi, domin lambobin kuskuren da yake jefa wa mutane ba su yi kama da abin da aka rubuta don a fahimta ba. Amma a dubi abin da manhajar fasawa ke nema kafin ta yi aiki: a kashe mata manhajar tsaro, a kuma ba ta cikakken iko a kan na'ura. Wannan daidai yake da a danne garkuwar jikin mutum sannan a yi masa allurar abin da ba a san asalinsa ba. A watan Disamba na 2021 kamfanin tsaron kwamfuta na Red Canary ya bayyana yadda ake cusa wata manhajar sata mai suna Cryptbot cikin kwafin KMSPico na jabu, tana kwashe kalmomin sirri da aka adana a manhajar shiga intanet. Kwamfutar makaranta kuwa ita ce ke ɗauke da sakamakon jarrabawa da sunayen yara, wani lokaci har da hanyar shiga asusun banki. An gudu gara ke nan an faɗa gidan zago.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, rubutun kansa ba shi da wata illa mai tsanani. Zamanin XP da ake kulle mutum waje ya wuce. Windows 10 da 11 da ba a tantance ba suna ci gaba da aiki, sai dai rubutun ya zauna a kusurwa kuma a hana sauya hoton fuskar allo da launuka. Ba halal ba ne a zauna haka har abada, amma babu gaggawar da za ta sa a miƙa na'ura ga duk wanda ya zo da filashi. Akwai sararin komawa wurin mai sayarwa da rasit a hannu.

Mabuɗan arha da ake tallatawa a intanet a kan 'yan daloli su ma cinikin biri a sama ne. Da yawansu an tsinto su ne daga rabon ma'aikatu ana sayar wa mutane barkatai, kuma idan kamfanin ya lura ya toshe mabuɗin, sai lambar 0xC004C003 ta fito, mai tallar kuwa ya ɓace. Haka nan tsohuwar dabarar ɓanɓaro mabuɗin Windows 7 ko 8 daga gindin matacciyar kwamfuta a tantance sabuwa da shi ta daina aiki, domin Microsoft ya rufe wannan ƙofa a watan Satumba na 2023. Ita kanta Windows 10 an daina tallafa mata na yau da kullum tun 14 ga Oktoba, 2025, saboda haka na'urar da aka kira sabuwa amma aka same ta da Windows 10 ta cancanci a tambayi shekarunta.

Makarantar da kuɗinta bai kai na lasisi ba tana da mafita ta mutunci, wadda ba a cika faɗa wa shugabannin makarantu ba. Linux, da Linus Torvalds ya fara a 1991, kyauta ce bisa doka, kuma nau'o'inta irin su Ubuntu da Linux Mint ba su neman mabuɗi ko tantancewa. Da LibreOffice a kansu ɗalibi zai koyi buga rubutu da lissafin jadawali da shiga intanet, kuma hannun da ya saba da linzami da allon rubutu a kansu ba zai ruɗe a zauren JAMB ba. Za a sami 'yan matsaloli da wasu injinan buga takardu da wasu manhajojin gwajin jarrabawa da aka rubuta don Windows kaɗai, don haka ya kyautu a gwada a na'ura ɗaya tukuna. Inda kuma aka zaɓi Windows, to a rubuta a takardar kwangila cewa kowace na'ura za ta zo da lasisin masana'anta, a sa malamin kwamfuta da ɗalibansa su buga slmgr a kan kowace ɗaya a gaban ɗan kwangila ranar karɓar kaya, kuma duk wadda ta tashi da lasisi na gaskiya a haɗa ta da asusun Microsoft, domin tun 2016 wannan haɗi ne ke taimaka wa mai lasisin da ake iya ɗaukewa ya dawo da shi ranar da bod ya ƙone aka sauya wani.