Tabar Wiwi Ta Ari Ƙanshin Lemo

Kowane manomi na ƙasar Haɗejiya ya san zaɓen iri. Mai riɗi a Birniwa ya kan ware wanda ya fi albarka domin shukar baɗi, haka mai shinkafa a fadama. To, wannan hikima ce waɗansu mutanen Amurka da Holan su ka juya kan tabar wiwi, wadda Larabawa ke kira hashisha.

Ita wiwi tana da namiji da tamata kamar dabino. Masu wannan aiki su kan haɗa iri biyu, su zaɓi 'ya'yan da ƙanshinsu ya fi kusa da na lemon tsami, su sake shukawa, shekara da shekaru. Ƙanshin kuwa daga wani mai ya ke fitowa, sunansa limonin, shi ne dai ke cikin ɓawon lemo. Ta haka aka sami irin da su ke kira Lemon Haze. Amma tare da ƙanshi sun zaɓi ƙarfin maye. Awon wiwin da hukuma ta kama a Amurka ya nuna sinadarin mayenta ya tashi daga wajen kashi 4 cikin ɗari a 1995 zuwa wajen kashi 12 a 2014.

Abin bai tsaya can ba. Kanada ta halatta wiwi a 2018, kuma hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ta sha kama iri mai ƙarfi da a ke kira Loud a tashar jiragen ruwa ta Ikko. Kayan da ya sauka Ikko kuwa ba ya ɓatan hanyar Kano, na Kano ba ya ɓatan hanyar Haɗejiya da Nguru. Masu saye ma ba su yi kaɗan ba, gama binciken 2018 ya ƙiyasta masu shanta a Nijeriya sun kai miliyan 10 da dubu 600.

Dā wari shi ke tona asirin mashayi, uba ya ji shi a rigar ɗansa, malami ya ji shi a tsangaya. In ƙanshin lemo ya gauraya da warin, hanci na iya ruɗewa, yaro kuma ya zaci abu ne mai sauƙi, alhali ta fi ta dā tsanani. Kama da wane ba wane ba ne.

Hukunci dai bai sāke ba. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya yi fatawar haramcin hashisha, illar kuwa gushewar hankali ce, ƙanshi bai shiga ciki ba. Dokar ƙasa ta 1966 ita ma ta hana shukarta da cinikinta.

Saboda haka ya wajaba malamai su bayyana wa almajirai wannan sabuwar kama tun ba su gamu da ita ba. Fatake da direbobi kuwa kada su karɓi saƙo a ɗaure sai an kwance a gabansu, domin wanda aka sami kaya a hannunsa shi ke fara amsa tambaya. Allah Ya kiyaye, amin.