Jirgin Haƙar Teku da Gaɓar Kwara

'Yan'uwa manoma, a shekarar 2022 wani jirgin ruwa mai suna Hidden Gem ya tsaya a tsakiyar Tekun Pasifik. Dā jirgin haƙar man fetur ne, kamfanin Allseas ya sāke masa gini. Aka saukar da wata na'ura mai kama da katafila zuwa ƙasan teku, zurfin fiye da kilomita 4, tana tsince waɗansu duwatsu masu kamar dankali, ana zuƙo su ta bututu har kimanin tan 3,000. Cikinsu akwai tagulla da waɗansu ƙarafa da ake yin batir da su.

Gwanintar maƙeran ba ta da musu. Amma ni abin da na lura shi ne, dukan dabarar ta tafi wajen ɗebowa. A 1989 masana daga Jamus sun ja garma a ƙasan teku kusa da Peru don gwaji. Da aka koma a 2015, bayan shekara 26, sawun garmar yana nan, halittun wurin kuwa ba su gama komowa ba. Manomi ya san ma'anar wannan. Mu da muka karanta cewa Allah ya sa Adamu a gona domin ya nome ta ya kuma kiyaye ta, mun fi kowa sani.

To, ina ruwan mutumin Zagga da teku? Namu tekun shi ne Kwara, namu jirgin kuwa tipa ce da kwalekwalen masu ɗiban yashi. Ban ce sana'ar haram ce ba. Ɗakin sujadarmu ma da yashi aka gina shi. Amma in an kwashe yashi a gindin gaɓa, ruwan damina sai ya ci ta ƙarƙashi, gaɓar ta rufta, ta tafi da kunyoyin shinkafa. Mai tipa ya biya sau ɗaya, fadama kuwa kowace shekara take biya.

Shawarata ga jam'iyyun gama kai daga Bagudo har Lolo ita ce, kada wani memba ya sayar da yashin bakin gonarsa shi kaɗai, gama gaɓarsa ce ke riƙe da ta maƙwabcinsa. A kawo maganar gaban taro. A auna taku nawa za a bari daga gaɓa, a rubuta, hakimi ya shaida, sakatare ya ajiye takardar kafin tipa ta farko ta shigo.