Larura ba ta halatta dukiyar marasa lafiya



A watan Maris na 2020 korona ta shigo Nijar. Aka rufe masallatai, aka hana fitar dare a Yamai, muka shiga azumi babu jam'i. A watan Afrilu asusun FMI ya ba ƙasarmu rancen gaggawa fiye da dala miliyan 100. Da sunan gaggawa ake ba da kwangila kai tsaye, babu gasa. Ta nan ɓarawo ke shiga. Rahoton kotun binciken kuɗin ƙasa na 2022 ya nuna an kumbura farashin kayan yaƙi da cutar.

Ku sani, larura tana sauƙaƙa alwala zuwa taimama, amma ba ta halatta baitulmali. Wannan shi ne gululu, wanda Suratu Ali Imrana ta yi kashedi a kansa. Mai sa hannu, ɗan kwangila da mai rufa musu asiri, duk tarayya suke cikin zunubi. Tuba ba ta cika sai an mayar da haƙƙi.

Rance ne, ƴaƴanku za su biya. Ku tambayi lissafi. Kada mu karɓi tabarmar masallaci daga kuɗin maganin talaka.

Allah Ya tsare mu da cin amana.