Agadez: Canza maganin hawan jini a kanti na iya taɓa zuciya da ƙoda

Takunkumin da CEDEAO ta saka wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya tsayar da kaya masu yawa a tashar Kwatano, har da magunguna. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma iyaka da Benin ta ci gaba da zama a rufe, kaya suka koma bin hanyar Lome da Burkina Faso. Agadez, da ke nesa da Yamai da kilomita fiye da 900, tana can ƙarshen wannan doguwar hanya. Mai hawan jini da bai sami maganinsa a farmasi ba yakan karɓi wanda aka samu, a tunaninsa duk maganin tansiyo ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne.

Zuciya da kanta tana fitar da sinadarai irin na homon. A 1981 Adolfo de Bold ya gano ANP a Kanada, daga baya aka gano ɗan'uwansa BNP. Idan jini ya matsa wa zuciya, sai ta saki waɗannan su sa ƙoda ta zubar da gishiri da ruwa. Ƙoda kuma tana da nata sinadarin, renin, mai tayar da wasu da ke matse jijiyoyi su riƙe gishiri. Kowane magani yana shiga wannan ja-in-ja ta ƙofarsa.

Captopril da enalapril suna rage ƙarfin ɓangaren renin, kuma ga mai raunin zuciya BNP yakan sauka idan nauyi ya ragu. Maganin sa fitsari, kamar furosemide, yana rage ruwa amma yana tayar da renin. Atenolol da propranolol suna iya ɗaga BNP a farkon sha, kuma barin su farat ɗaya yana iya sa zuciya gudu, jini ya hau fiye da da. Don haka likitan da ke duba sakamakon gwajin BNP yana bukatar sanin ƙwayar da mutum yake sha a zahiri, domin takarda tana iya faɗin wani abu dabam.

Baƙar fata da yawa renin ɗinsu ƙasa yake, shi ya sa enalapril shi kaɗai ba ya cika yi musu aiki. Binciken CREOLE na 2019, wanda Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashe 6 na Afirka, ya nuna haɗin da ke da amlodipine ya fi saukar da jini a kan perindopril da maganin fitsari.

Sai kuma zafin Agadez. A watan Afrilu da Mayu, direba a hanyar Dirkou ko mai haƙar zinariya a Tchibarakaten yana zubar da gumi yini guda. Idan yana shan maganin fitsari tare da captopril, ga ƙarancin ruwa ko zawo ko azumi, ƙoda na iya shan wuya. Kanwa da gishirin da ake zubawa a abinci kuma suna rushe aikin ƙwayar.

Mai farmasi da ya rasa wani magani gara ya mayar da mutum wurin likita a asibitin jihar Agadez ko CSI ta unguwarsa kafin ya ba shi madadi. ONPPC kuwa ta sa amlodipine cikin kayan da bai kamata su yanke a arewa ba.